Za mu kai yara hutu Zanzibar daga Kaduna: ta ina za mu fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maigidana muna zaune a Kaduna, muna son mu kai yaranmu uku hutu wani tsibiri su ga teku. Babban shekararsa 9, mai bi masa 5, autar kuma watanta 14, tana shan nono. Babu wanda ya iya ruwa a cikinsu. An ba mu shawarar Zanzibar. Wane lokaci ya fi dacewa, me za mu tanada, kuma me ya kamata mu kiyaye?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Wanda ya ba ku shawarar Zanzibar bai yi kuskure ba. Kusan dukkan mutanen tsibirin Musulmi ne, masallaci ba ya wuyar samu, abincin gari halal ne, kuma mace mai hijabi ba ta zama abin kallo. Amma abu biyu ne ke riƙe da wannan tafiya, kuma su ne mutanenmu suka fi yi wa sakaci: bizar shiga Tanzaniya, da cika da janyewar teku. Na farko shi zai sa ku tafi ko ku fasa. Na biyu shi zai nuna muku gefen tsibirin da ya kamata ku sauka, da sa'o'in da yara za su kusanci ruwa.

Zanzibar yanki ne na Tanzaniya tun haɗewar da aka yi a watan Afrilun 1964, don haka bizar Tanzaniya za ku nema. Mai fasfon Najeriya ba ya samun biza a filin jirgi kamar yadda Turawa ke samu. Najeriya na cikin ƙasashen da sai hukumar shige da fice ta Tanzaniya ta yi wa takardunsu bincike na musamman kafin ta amince, kuma hukumar da kanta ta ce a nema aƙalla wata biyu kafin tafiya, kada kuma a yanki tikiti sai amincewa ta fito. Ana cika fom ɗin a shafin hukumar na intanet, kowane mutum da nasa, har jaririyar. Kuɗin bizar yawon buɗe ido ta shiga sau ɗaya dala 50 ne. Tanzaniya na da ofishin jakadanci a Abuja idan wani abu ya shige muku duhu. Inda ake yin asara shi ne a ga tikiti ya yi sauƙi a yanka, a biya otal kuɗin da ba ya dawowa, sannan ranar tafiya ta zo bizar mutum huɗu ta fito ta ɗaya ba ta fito ba. Ku nemi na mutum biyar ɗin rana ɗaya, da ajiyar gurbin jirgi da na otal irin wanda ake iya sokewa ba tare da tara ba. Ni dai wata uku nake ba da shawara, ba biyu ba.

Kafin biza ma akwai fasfo. Kowane yaro sai da nasa, kuma ya zama saura aƙalla wata shida kafin ya ƙare daga ranar shiga. Ku duba rubutun sunaye: idan an rubuta Muhammad a fasfo, aka rubuta Mohammed a tikiti ko a fom ɗin biza, rigima ce a kan kanta. Ku riƙe takardun haihuwar yaran. Idan wani uzuri ya sa ɗayanku ne kaɗai zai tafi da su, ya riƙe takardar amincewar ɗayan, mai hatimin kotu.

Sai katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa. Duk wanda ya fito daga Najeriya kuma ya kai shekara ɗaya ana neman sa a wurinsa, ke nan autarku ma ta shiga. An yi mata allurar tana wata 9 idan kun bi jadawalin rigakafi, amma katin asibitin unguwa ba ya wadatarwa, sai na ƙasa da ƙasa wanda ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa ke bayarwa, kamar na filin jirgin Abuja ko na Kano. Wanda za a yi wa allurar yanzu, katinsa ba ya fara aiki sai bayan kwana 10. Allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da haka. Kada ku karɓi katin da wani ya ce zai kawo muku gida ba tare da allura ba. Ana duba lambarsa a na'ura.

Akwai kuma inshorar dole da gwamnatin Zanzibar ta ƙaƙaba wa baƙi tun 1 ga Oktoban 2024, wadda ake saya daga kamfanin inshora na gwamnatin tsibirin ta intanet: dala 44 ga babba, rabin haka ga yaro daga shekara 3 zuwa 17, ƙasa da haka kyauta. Ku ke nan dala 132. Ko kuna da wata inshorar daga gida, sai kun sayi wannan. Ku buga takardar a riƙe a hannu, kada a dogara da waya.

Batun lokaci, hutun makarantunmu uku ne, kuma ba daidai suke ba a can. Hutun Afrilu shi ne mafi muni, domin daga Maris zuwa Mayu babbar daminarsu ce da suke kira masika, ruwa kan wuni yana zuba, teku ta gurɓace, wasu otal-otal ma su rufe. Farashi kan faɗi ƙwarai a lokacin, kuma wannan arhar ce ke yaudarar mutane. Hutun Disamba yana biyo bayan ƙaramar damina mai suna vuli, zafi da gumi sun fara, sannan makon Kirsimeti da sabuwar shekara shi ne mafi tsada a duk shekara. Dogon hutu, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, shi ne ya fi: rani ne a wurinsu, rana ba ta cika wuce digiri 29 ko 30 ba, dare kuma da sanyi-sanyi. Agusta Turawa na cika tsibirin, don haka idan makarantar yaran ba ta koma da wuri ba, makon farko na Satumba ya fi sauƙin kuɗi da cunkoso. Ku duba kuma kada tafiyar ta faɗa cikin azumi, domin gidajen abinci da yawa a cikin gari ba sa buɗewa da rana.

Hanya mafi sauƙi daga Arewa ita ce jirgin Habasha daga Abuja ko Kano zuwa Adis Ababa, wajen awa biyar, daga nan a canza zuwa filin jirgin Abeid Amani Karume na Zanzibar, wajen awa uku, wani lokaci da ɗan tsayawa a hanya. Akwai masu bi ta Legas da Nairobi, akwai kuma masu sauka birnin Darussalam na Tanzaniya su hau jirgin ruwa mai gudu na kamar awa biyu. Wannan na ƙarshe ban so muku shi ba. A watannin Yuni zuwa Satumba iskar kudu da suke kira kusi tana kaɗa tekun, amai ya yi ta kama yara, ga turereniyar tasha da kaya da goyo. Ku sauka Zanzibar kai tsaye ko da ya ɗan fi tsada. Wajen lissafi, yaro daga shekara 2 zuwa 11 yawanci yana biyan kusan kashi 75 cikin 100 na tikitin babba, jaririn da ake riƙewa a cinya kuma kusan kashi 10, wato iyalinku kamar tikiti uku da rabi ne da ɗoriya, kuma shi ne zai ci kaso mafi girma na kuɗin tafiyar. Ku bar Kaduna tun ana gobe, ku hau jirgin ƙasa daga Rigasa ku kwana Abuja. Jirgin ƙasa kan makara, kuma jirgin sama ba ya jiran kowa. Adis Ababa a kan tsauni take, sama da mita 2,300, sanyinta da dare ya yi kama da na hunturunmu, don haka rigunan sanyi su kasance a jakar hannu. Lokacin tashi da sauka ki ba autar nono, manyan kuma alewa ko cingam, haɗiya ce ke buɗe kunne.

Yanzu ga abin da na fi so ki tsaya ki fahimta. Yaron Kaduna ya san kogi, ya san kududdufi, wataƙila ya san wurin ninƙaya na otal. Duk waɗannan ruwansu na nan inda ka bar shi. Teku ba haka take ba. Sau biyu a yini da dare tana cika, sau biyu tana janyewa, tsakanin cika da janyewa awa shida da 'yan mintuna, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kamar minti 50. Ƙarfin abin yana bin wata ne. A kwanakin tsayuwar wata da kwanakin 14 da 15, bambancin tsayin ruwa a Zanzibar kan kai kusan mita 4. A wajen 7 ga wata da 22 ga wata kuwa kaɗan yake motsawa. Kalandar Hijira da ke rataye a falonku ta isa ta gaya muku irin tekun da za ku tarar.

A gabashin tsibirin, wato Paje, Jambiani, Bwejuu, Kiwengwa da Matemwe, ƙasan tekun shimfiɗaɗɗe ne har zuwa wani shingen murjani da ke can nesa. Idan ruwa ya janye, sai ya ja baya da kilomita guda ko fiye, ya bar yashi da ciyawar teku da ƙananan tafkuna. Hotunan da otal-otal ke sakawa duk na lokacin cika ne. Iyali su biya kuɗi, su iso da rana tsaka, su tarar babu ruwan shiga sai an yi tafiyar minti 20. Wannan ɓacin rai ne kawai. Haɗarin yana wajen dawowar ruwan. Ba a hankali yake dawowa daidai-wa-daida ba: awa ta farko kamar ba ya motsi, amma rabin dukkan ruwan a awa ta uku da ta huɗu yake shigowa, wanda a ranar babbar cika kusan mita guda ke nan a awa. Kuma yana fara cika kwaruruwan da ke bayanka, tsakaninka da gaɓa, kai kana tsaye a kan tudun yashi kana ganin ƙafarka a bushe. Ruwan da ya kai wa babba ƙugu ya shanye ɗan shekara 5. Idan za ku taka zuwa ciki, ku fita awa ɗaya kafin ƙarshen janyewa, ku juyo da zarar ya kai ƙarshe, kada ku ƙara ko rabin awa. Kowane otal na da jadawalin cika da janyewa, a allo ko a wurin karɓar baƙi. Shi ne abin da za ku fara tambaya kowace safiya.

A arewa, Nungwi da Kendwa, ruwa ba ya yin nisa, ana iya shiga kusan kowane lokaci, shi ya sa masu yara suka fi zuwa can. Sai dai abin da ya hana ruwan nisa shi ne gangaren gaɓar, musamman a Kendwa, inda taku kaɗan ke kai mutum zurfi. Arewa kuma ta fi hayaniya: jiragen ruwa masu inji na kai-komo kusa da gaɓa, akwai mashaya, akwai casun dare da ake yi a Kendwa lokacin cikar wata, kiɗa har asuba. Ga yaran da ba su iya ruwa ba, ra'ayina shi ne ku zaɓi otal mai wurin ninƙaya na yara, marar zurfi kuma a ware daga na manya, a gefen Nungwi da ke nesa da tsakiyar ƙauyen, ko kuma a Pongwe ko Matemwe idan natsuwa kuka fi so kuma kun yarda ku bi jadawalin ruwa. Paje kuwa ku bar wa matasa, domin cike take da masu sululu a kan ruwa da wata babbar laima da iska ke ja, igiyoyinta na da haɗari ga yaron da ke wasa a bakin ruwa.

Yaro ba ya ihu idan yana nutsewa. Shiru yake yi, kansa a ɗage, cikin ƙasa da minti guda an rasa shi. Yawancin gaɓar Zanzibar babu masu gadin ceto. Don haka ku raba aiki ƙarara: wanda ke kallon yara ba ya riƙe waya, ba ya ɗaukar hoto, kuma ba ya barin wurin sai ya ce wa ɗayan "na miƙa miki" ta amsa. Ɗan shekara 5 da autar kada su wuce inda hannu zai kai. Kada a ɗora wa ɗan shekara 9 tsaron ƙannensa. Robar da ake hurawa a sa a dantse da tayar iska kayan wasa ne, iska kan ja su ciki da yaron a kai. Abin da ke ceto shi ne rigar ceto ta gaske, mai ɗamara da ke bi ta tsakanin ƙafafu, daidai nauyin yaron. Ku saya tun daga gida ku tafi da ita, domin masu kwale-kwale yawanci na manya suke da su, yaro kuma zamewa yake daga cikin babbar riga. Gwajinta: a sa masa, a ɗaga shi ta kafaɗun rigar, idan ta haura kunnuwansa ta yi yawa. Watanni ukun da za ku yi kuna jiran biza, ku sa manyan biyu koyon ruwa a nan Kaduna, ko da kwanciya da baya a kan ruwa kawai suka iya.

Takalmin roba mai rufe ƙafa dole ne ga kowa. A cikin duwatsu da ciyawa akwai wata baƙar halitta mai dogayen ƙayoyi kamar bushiya. Idan aka taka ta, ƙayar na karyewa a cikin nama. A jiƙa ƙafar cikin ruwa mai zafin da hannun babba zai iya jurewa na minti 30 ko fiye, a cire waɗanda suka fito da hantsaki, kada a tona da allura. Idan ta shiga gaɓa, ko wurin ya kumbura ya yi ja, a je asibiti. Akwai kuma wata mai yauƙi kamar farar leda da ke harbi. Wurin da ta taɓa a wanke shi da ruwan teku, ba ruwan famfo ba, kada a murza, domin ruwan daɗi da murza suna ƙara fasa dafin.

Rana ma kada ku raina ta don kun fito daga Kaduna. Tsibirin na kusa da tsakiyar duniya, farin yashi da ruwa suna mayar da hasken, iska kuma tana ɓoye zafin. Baƙar fata na ƙonewa, sai bayan kwana biyu a ga kafaɗa da hanci na saɓa. A shafa man kare fata mai lamba 30 ko sama, a maimaita duk awa biyu da bayan fitowa daga ruwa, a sa hula da rigar ninƙaya mai dogon hannu. Daga 11 na safe zuwa 3 na yamma lokacin inuwa ne da barcin rana. Ke kuma, kayan ninƙaya masu rufe jiki duka ki tafi da su daga gida. Doguwar riga ko zane idan suka sha ruwa nauyi suke yi, su naɗe ƙafa.

Abin da ya fi kwantar da yara a irin wannan tafiya gudawa ce. Ruwan gora kawai za a sha, da shi za a wanke baki, a guji ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba. Ki tafi da ƙullin gishiri da sukari na asibiti kamar 10, kowane ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, da ƙwayar zinc, miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14 ga yaron da ya wuce wata shida. Idan ƙullin ya ƙare, lita ɗaya da ƙaramin cokali shida na sukari a shafe da rabin cokali na gishiri. Autar ta ci gaba da shan nono, kada ki yaye ta gab da tafiya. Farasitamol na ruwa ana auna shi da nauyi, miligiram 15 ga kowane kilo duk awa shida, don haka ki auna yaran kafin ku tashi ki rubuta. Ƙara da ma'aunin zafi, filasta, maganin ƙaiƙayi da likita ya rubuta, da man korar sauro mai sinadarin DEET da bai wuce kashi 30 ba. Maleriya ta ragu sosai a Zanzibar, ba ta kai tamu ba, amma ba ta ƙare ba, ga kuma zazzaɓin dengi wanda sauron rana ke kawowa. A kwana cikin gidan sauro. Idan zazzaɓi ya zo a yi gwajin jini kafin magani, kuma kada a ba yaro asfirin ko ibufurofen kafin a tabbatar ba dengi ba ne, saboda zubar jini. Babban asibitin gwamnati shi ne Mnazi Mmoja a cikin gari, kuma daga Nungwi tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce. Tun ranar isowa ku tambayi otal asibiti mafi kusa da lambar direban da ke fita da dare. Alamomin da ba a jira da su: yaro ya ƙi sha, ya wuni bai yi fitsari ba, idonsa ya faɗa, jini a bayan gida, ko yawan barcin da ba a iya tashinsa.

Abincinsu ba zai ba yara wahala ba. Akwai shinkafa da madarar kwakwa, pilau, biriyani, ugali wanda tuwon masara ne sak, maandazi ɗan'uwan fanke, mishkaki wato tsire, da soyayyen dankali da ƙwai da suke kira chipsi mayai. Yaji ne babu kamar namu, ki ƙulla naki, da garin kunun gyaɗa da cincin da madarar da autar ta saba. Kilishi da dambun nama ku bar su a gida, ƙasashe na tsananta wa shigo da nama. Jatan lande, ƙaguwa da sauran halittun teku irinsu sababbi ne ga cikin yaranku. A fara da ɗan kaɗan da rana, ba da dare ba, a lura da ƙuraje, kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi, wanda shi kam asibiti ne nan take. Naman kunkurun teku kuwa ko kyauta aka ba ku kada ku taɓa: a Maris na 2024 yara takwas da babba ɗaya sun rasu a tsibirin Pemba bayan sun ci shi. Manyan otal-otal na bakin teku Turawa suke yi wa girki, akwai giya, wasu har da naman alade a teburin karin kumallo. Ku rubuta musu kafin ku biya ku tambaya. Idan abin zai dame ku, ku kama gida mai ɗaki biyu da kicin, ya fi arha ga mutum biyar, kuma kunun autar ba zai jira kowa ba. Ku tambaya kuma ko farashin ya haɗa da harajin kwana da ake karɓa kan kowane baƙo.

Kwana bakwai sun isa. Biyar na farko a bakin teku, biyun ƙarshe a tsohon garin da ake kira Stone Town, su kuma Mji Mkongwe, domin ku kwana kusa da filin jirgi, tafiyar minti 15 zuwa 20. Fita ɗaya a rana, da safe, sannan rana ɗaya babu ko'ina bayan kowace fita biyu. Dajin Jozani ya fi komai dacewa da yara: jajayen biran da babu irinsu sai a tsibirin, da gadar katako cikin itatuwan da ke tsirowa a ruwan gishiri, awa biyu an gama. Kada a ba biran abinci ko a taɓa su. Gonakin kayan ƙamshi na Kizimbani za su burge ki ke kanki, yara su ga kanumfari da kirfa da citta da kurkum a jikin bishiya da cikin ƙasa, ba a ƙullin kasuwar Bacci ba. Tsibirin Changuu, wajen rabin awa a kwale-kwale, yana da manyan kunkuru da asalinsu kyauta ce daga tsibiran Seshels a 1919, da ginin kurkukun 1893 da ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba. A je da safe kafin iska ta tashi, da rigunan ceto a jiki. Abin da zan ce ku tsallake shi ne bin kifin dolfin a Kizimkazi, gudu ne a buɗaɗɗiyar teku da sassafe, da kuma wunin tudun yashi na Nakupenda inda babu inuwa sai rumfa, babu kuma ban-ɗaki. Idan kun bi ta Kizimkazi, ku tsaya a tsohon masallacinta mai rubutun shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107.

Lungunan tsohon gari matsattsu ne, babura na ratsawa, keken tura jariri ba ya aiki, goyo ya fi. Babban yaronku ya isa a nuna masa ƙofofin katako masu sassaƙa, tsohuwar ganuwar da Larabawan Oman suka gina, da wurin kasuwar bayi da aka rufe a 1873, amma ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na wurin sun yi wa ɗan shekara 5 nauyi. Da magariba ana kasuwar abinci a lambun Forodhani. Ku ci abin da aka soya a gabanku kawai, ku bar kifin da aka jera tun yamma ana ɗumamawa, ku kuma yi ciniki kafin a zuba. Samarin gari na tsalle daga katanga zuwa cikin teku a wurin, ki riƙe hannun babban.

Alƙibla a Zanzibar arewa take, kusan sak, domin tsibirin na kudu da Makka a kan layi ɗaya. Wanda ya saba fuskantar gabas sai ya kula. Mafi yawansu Shafi'awa ne, za ku ji liman na bayyana bisimilla. A mazhabarmu ta Malikiyya niyyar zaman kwana huɗu tana yanke ƙasaru, don haka a kwana biyar na bakin teku cikawa za ku yi. Agogonsu na gaba da namu da awa biyu, sannan a Swahili ana fara ƙirga awa daga fitowar rana: direba ya ce saa mbili, wato awa biyu, yana nufin 8 na safe. Ku sa ya nuna muku a fuskar waya. Ku koya wa yara gaida manya da shikamoo, za a amsa da marahaba, kuma za ku ga yadda fuska ke sakewa. Maji ruwa ne, hatari haɗari, dawa kuma a wurinsu magani ce.

Kuɗinsu shilin ne. Ku tafi da dala sababbi marasa yagewa, waɗanda aka buga daga 2009 zuwa sama, ku canza a cikin gari inda farashi ya fi na otal. Kada ku dogara da katin naira sai bankinku ya tabbatar muku da iyakar abin da zai cire a waje, kuma na'urar cire kuɗi ba ta da yawa a ƙauyukan bakin teku. Soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku. An hana shiga da jakar leda, ku zuba kaya a jakar yadi. Mota a hagu take tafiya, a kula wajen tsallaka titi da yara. Ku sa otal ya turo muku mota filin jirgi, a yanke kuɗi tun kafin a shiga, ku bar daladala, wato motocin haya na gari, ga marasa kaya. Masu tallan yawo da ke bin baƙi a bakin teku, waɗanda 'yan gari ke kira papasi, kada ku ba su kuɗin kafin alƙalami, domin kwale-kwalen da ba shi da rajista idan ya lalace a tsakiyar ruwa babu wanda za a kama.

Ranar dawowa ku isa filin jirgi awa uku kafin tashi, kayan ninƙaya su bushe tun jiya, kuma kada a ɗebo murjani ko bawon katantanwa a jaka, ana ƙwacewa. Idan kun sauka Abuja da yamma ku kwana, ku hau jirgin ƙasa na safe zuwa Rigasa. Duk yaron da ya yi zazzaɓi cikin mako biyu da dawowa, a gaya wa likita inda kuka je, domin ya haɗa da gwajin dengi bayan na maleriya.